Risalar Kai wa Suruki Magarya

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah Ya yi maka jagora, cewa daga cikin jarrabawoyin da ke samun magidanci a ƙasarmu ta Kwargaba, in ka cire tsadar taki da faɗuwar kuɗin albasa, babu wadda ta kai ta rasa abin da zai kai wa surukinsa wanda wani bai riga shi kaiwa ba. Domin dattijon da Allah Ya azurta da ’ya’ya mata bakwai, ya kuma aurar da su tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, ba ya rasa goro, ba ya rasa shadda, turare kuwa da dardumar salla sun taru a ɗakinsa har ya kan yi sadaka da su a ɓoye, wani lokaci ma ya ba suruki na uku abin da na biyar ya kawo. To idan ka kai wannan matsayi na ruɗewa, wata rana da dare za ka ji an raɗa maka cewa ka kai masa itace mai ’ya’ya wanda ba a taɓa gani ba a unguwarsu. Ko wannan raɗa ilhami ce ko waswasi, abu ne da na yi shekara huɗu ina bincike ban yanke hukunci ba. Amma tun da na bi ta, na kuma ɗanɗana abin da ke cikinta, ya wajaba in bayyana wa ’yan’uwa sharuɗɗanta.

Farkon abin da za ka warware shi ne wane itace. Mangwaro da gwaiba ba sa cikin lissafi, don kowace garka a bakin Rima tana da su. Dabino shi ne tarkon da ya fi kama masu kyakkyawar niyya: mutum ya samo ƙwallon ajwa a jakar wani alhaji, ya shuka da bisimilla, ya manta cewa dabino akwai mace akwai namiji, kuma ƙwallo ba ya faɗa maka wanne ke cikinsa, sai bayan shekara shida ko fiye ana ban ruwa, ranar da ya yi fure, a tarar ƙato ne namiji wanda ba zai haifi ko ɗaya ba, suruki kuwa ya sami misalin da zai riƙa bugawa da kai har ƙarshen rayuwarsa. Zaitun, duk da albarkar da ke cikin sunansa, yana son sanyin ƙasashen Bahar Rum kafin ya yi fure, hunturunmu kuwa ƙura ya fi yawa da ita. Goro kada ma ka fara. Da yana yi a bakin gulbinmu, da kakanninmu ba su kashe jakuna a hanyar Gwanja ba.

Abin da na zaɓa, kuma nake shawartarka da shi bisa sharaɗin kada ka zo gidana da kuka, shi ne magarya mai aure. Asalin lamarin shi ne magaryar nan tamu ta bakin gona, wadda ’yan mata ke tsinta suna talla a faifai, tana da ’yan’uwa a ƙasar Indiya waɗanda manoman can suka yi ƙarnuka suna zaɓe har ’ya’yansu suka kai girman ƙwan zabo, wasu ma na kaza, masu ruwa, masu ƙaras-ƙaras a baki, da sunaye irin su Gola da Umran da Seb da Kaitili. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972, tana da reshe a Sadore, kudu da Yamai, kuma daga nan ne, a farkon shekarun 2000, wani shehin malami mai suna Dov Pasternak da abokan aikinsa suka himmatu wajen yaɗa ta a Nijar, aka raɗa mata suna da Faransanci mai ma’anar tuffar Sahel. Hikimar kuwa ita ce a ɗauko reshen baƙuwar a aura shi a kan gindin tamu ta gida, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro, sai ya zama saiwa ’yar ƙasa ce mai jure fari da zafin bazara, kai kuwa ɗan Indiya ne mai kawo riba. Wannan shi ne kaɗai auren da na sani wanda ba a biyan sadaki, ba a kai lefe, kuma amarya ta kan haihu cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da an je wurin mai magani ba.

Sai dai akwai wata illa a cikin sunan, wadda ban farga da ita ba sai da na durƙusa a zaure, na cire takalmi, na ajiye dashena a gaban dattijo cikin ’yar baƙar leda. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Wanga icce fa, mi as sunanai?” Na sunkuyar da kai na ce, “Allah shi gafarta Baba, magarya ta.” Sai zauren ya yi tsit, liman da ke gefe ya shiga jan tasbaha da sauri, domin babu wanda ya kai shekara saba’in a ƙasar Hausa da bai san cewa da ganyen magarya ake wankan gawa ba. Baba ya yi murmushi irin na wanda ya ga abin da ya fi wannan, ya ce, “Madalla. Ashe har kun fara shiri.” Saboda haka wajibi ne, ba mustahabbi ba, ka tanadi hujjarka tun daga gida: kafin kowa ya buɗe baki ka ambaci Magaryar Tuƙewa da ta zo a Suratun Najmi, ka bi da cewa Suratul Waƙi’a ta lissafa magarya marar ƙaya cikin ni’imomin mutanen dama, ka ce fatanka ke nan gare shi bayan tsawon rai, ka kuma nanata “tsawon rai” sau uku da ƙarfi. In akwai wani ɗalibi mai neman suna a wurin da ya ce ai itacen da Larabawa ke nufi ya fi kusa da kurna, kada ka yi jayayya da shi. Ka ba shi goro.

Neman dashen kansa bai kai tsaronsa wuya ba. Ka fara da malamin gona ko malamin daji, sannan masu renon dashe a birnin Sakkwato. In ba a dace ba, ka sa cigiya a bakin direbobin Illela masu shiga Ƙonni da Maraɗi idan iyaka na buɗe, kuma duk tafiyar da za ka yi a wannan zamani ka yi ta da rana, ka dawo kafin la’asar, don dalilin rashin tsaro da kowa a gabashin Sakkwato ya sani. Abin da za ka duba a jikin dashe shi ne tabon aure, wato ɗan kumburi ko karkacewa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda reshen baƙuwa ya haɗe da gindi. Wanda ba shi da wannan tabo gwauro ne, ko da mai sayarwa ya rantse da kabarin kakansa, kuma kana iya wayar gari ka ga magaryar kura ka saya, wadda ko yaro mai jin yunwa sai ya tofar. Haka nan wanda ya ce maka ga ƙwallonta ka shuka ya fi araha, ya yi maka ha’inci ko da bai sani ba, don ƙwallo ba ya riƙe amanar uwarsa, ya kan koma halin dangi na daji. Akwai kuma hanya ta uku, wadda masu ilmin abin suka fi yabo: a sami magaryar da ta riga ta kafu a gonar suruki, a sare ta, in ta yi toho a tsaga sabon reshe a cusa na baƙuwa mai kaurin alƙalami, a ɗaure da leda, cikin mako biyu zuwa uku a ga ido ya buɗe. Ingancinta ba shakka a kai. Abin da ban gano ba shi ne lafazin da mutum zai yi amfani da shi ya gaya wa surukinsa cewa kyautar da ya kawo ita ce sare masa itace.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen watan Yuli. Rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ’yar toka saboda gara, a yaga leda a hankali kada ƙasar saiwa ta watse, a bar tabon aure a sarari kada a binne shi. Kada ka kai ta can ƙasan fadama don kwaɗayin laima, domin wanda ya ga ambaliyar 2010, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya sauko ya shafe gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, ya san gulbi ba ya tambayar itacen wane ne wannan. Kada kuma ka dasa ta a cikin gida, in dai gidan mai mata fiye da ɗaya ne, don duk ƙofar ɗakin da inuwarta ta fi karkata gare shi, an sami shari’ar da alƙalin Wurno ba zai iya rabawa ba, kuma sunanka ne zai riƙa fitowa a kowane zama. Bayan zaure, kusa da rijiya, shi ne mazhabar da ta fi aminci. Haƙan ramin kuwa kai za ka yi da hannunka, cikin rigar da ka sa don gaisuwa, yayin da ƙannen matarka, waɗanda shari’ar wasa ta halatta musu mutuncinka, ke zaune a kan katanga suna gyara maka riƙon magirbi.

Yanzu mun iso babin da ya fi kowane tsawo a rayuwa, ko da zan taƙaita shi a takarda, wato babin akuya. Jar akuyarmu ta Sakkwato dabba ce mai daraja a tarihi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma tun zamanin da, har Turawa suka riƙa yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko saboda can suka saye ta; kuma ina kyautata zaton tun daga wannan zalunci na sauya mata nasaba ta ƙulla gaba da duk wani abu da ya zo daga waje. Ganyen magarya dama abincinta ne, amma na shaida da idona ta wuce magaryar gida guda goma ba ta waiwaya ba, ta miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ta zura wuya ta saman shinge, ta cire daidai tohon nan ɗaya na Indiya wanda aka yi wata biyu ana jira. Maganinta shinge biyu ne, na ciki da kara, na waje da ƙaya, ƙayar kuwa babu wadda ta fi ta magarya, ta yadda za ka sare uwa ka tsare ’ya da ita. Na kai ƙara wurin wani malami, sai ya tunatar da ni hadisin da ya inganta a Buhari da Muslim, mai nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Na karɓi wannan da hannu biyu, na kuma lissafa cewa a shekarar farko kaɗai na yi wa akuyar maƙwabcin Baba sadaka sau uku, alhali ban yi niyya ko sau ɗaya ba, ga shi kuwa an ce ayyuka da niyya suke.

In ta tsira daga akuya, saura gindinta. Saiwar gida ba ta taɓa yarda da wannan aure har zuci ba, kullum tana turo ’ya’yanta ta ƙarƙashin tabo, masu ƙarfi, masu saurin girma, waɗanda in ka bar su wata biyu za su shanye ruwan su kashe baƙuwar, ka koma kana ban ruwa ga magaryar da ke fitowa kyauta a kowace kunya. Sai an riƙa cire su duk mako, kuma da yake babu wanda zai bambance su a gidan sai kai, ka ga ke nan ziyarar da da kake yi salla-salla ta koma ta kowace Juma’a, ga jarka biyu a bayan babur. Sa’an nan idan bazara ta yi tsanani, wajen Afrilu zuwa Mayu, bayan ta zubar da ganye, ƙa’ida ita ce a datse rassanta sosai, don a kan sabon toho take yin ’ya’ya. Ka sanar da Baba wannan tun da wata guda, a gaban shaidu biyu adilai. Ni ban yi haka ba. Ya fito daga sallar azahar ya tarar da ni da adda a hannu, itacen da ya fara nuna wa baƙi ya koma kututture, bai ce mini kome ba, sai dai a daren nan aka aiko matata ta zo gida ana son ganinta.

Magaryar ta yi fure a ƙarshen damina, ta nuna cikin ɗari. Akwai wani ƙuda da ke huda ’ya’yan ya saka ƙwai, su yi tsutsa, don haka duk wanda ya faɗo a tsince a binne da zurfi. Ana cin ta ne tun tana kore mai ɗaukar rawaya. In aka jira ta yi ja ta bushe irin tamu, kamar yadda surukata ta dage a yi a shekarar farko, sai ta yi laushi ta lalace, a ce ai dama an faɗa. A shekara ta biyu Baba ya tsinki ɗaya da kansa, ya goge a hannun riga, ya gatsa, ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, “Ba ta kai tamu zaƙi ba.” Daga nan ya cika aljihu biyu ya nufi masallaci.

Tun daga ranar, dattawa biyar na sahun gaba sun aiko a gaya wa mijin ’yar Baba cewa su ma akwai magarya a gonakinsu, kuma Baba ya riga ya amsa musu da sunana. Ina cikin rubuta wannan shafi ne ƙaramin ƙanen matata ya yi sallama a ƙofa, ya ce Baba na gaishe ni, ya ce in zo da adda da igiya, jar akuyar nan ta haihu tagwaye kuma an ga su ukun suna zagaya shinge.