Janar na Kan Tabarma da Sauran Alƙalan Fim

A watan Oktoba na 2019 dattijon daraktocin Amurka, Martin Scorsese, ya ce finafinan Marvel ba sinima ba ne, sun fi kusa da filin lilo da wasannin yara. Tun daga ranar masu sharhi suka ja daga. Wani ɓangare na cewa fim ɗin yaƙi na masu hankali ne, na jarumai masu tashi sama kuwa shirme ne. Ɗaya ɓangaren na cewa tsofaffi ne kawai ke baƙin ciki da zamani. Musun yana da daɗin saurare, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Uwa ɗaya ta haifi finafinan biyu, kuma tambayar da ta cancanci a yi musu iri ɗaya ce: cikin duk waɗanda suka faɗi a fim, wa kyamara ta tsaya a kansa har muka san sunansa, wa kuma ta tsallake ta yi gaba? Kowane alƙali a cikin waɗanda za a jero yana riƙe da wani yanki na amsar, sai dai kowa ya ɗauka nasa yankin ne duka.

Na farko shi ne Dattijon Allah-Ya-Sawwaƙe. Ka tambaye shi ko ya kalli Avengers, sai ya taɓe baki ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya yi sa'a guda yana bayanin lalacewar abin da bai gani ba. Maganar Scorsese ya mayar laya, ko'ina da ita yake yawo. Nasa gwanin shi ne Saving Private Ryan na Steven Spielberg, na 1998, musamman mintuna ashirin da 'yan kai na farko, inda sojoji ke sauka gaɓar Omaha ta Normandi a ranar 6 ga Yuni 1944, wasu na amai don tsoro, wani na neman hannunsa da ya guntule har ya tsince shi ya ɗauka. A nan dole a sara wa dattijo, domin wannan aiki ne na gwanaye. To amma a duba sauran labarin. Mutum takwas aka tura su ceto mutum ɗaya, kowa da tasa baiwar: ga gwanin harbi mai addu'a kafin ya ɗana kunama, ga mai ba da magani, ga tafinta matsoraci, ga shugaba mai ɓoye damuwarsa. Cire musu kaki ka sa musu riguna masu launi, ka sami tawagar da dattijo ke ƙyama. Dangantakar ma ta jini ce. Mujallar zane ta farko ta Captain America, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, ta fito da hoton jarumin yana naushin Hitler a muƙamuƙi tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙire shi, Jack Kirby, daga baya ya sa kaki ya yi yaƙi a Turai.

Kusa da shi akwai Janar na Kan Tabarma, wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta ɗan tauri ranar hawan sallah, amma ya san kowace tanka da shekarar da aka ƙera ta. Kallo da shi azaba ne. Zai tsayar da fim ana tsakiyar artabu, ya matso kusa da allo ya nuna maka cewa maɓallin rigar wancan kofur ɗin ba a fara amfani da shi ba sai bayan shekara biyu. Kada a raina shi, yana da ranarsa. Irinsa ne suka tashi tsaye lokacin da fim ɗin U-571 na 2000 ya nuna Amurkawa suna ƙwato na'urar sirrin Jamus ta Enigma daga jirgin ƙarƙashin teku, alhali sojojin ruwan Birtaniya ne suka yi wannan aiki a watan Mayu 1941, har firayim ministan Birtaniya na lokacin, Tony Blair, ya yi tir da fim ɗin a majalisa. Matsalar Janar ita ce idonsa na ƙarfe ne kawai. Daga American Sniper na 2014 abin da ya riƙe shi ne jaririn roba da aka ba jarumi ya rungume, yana ta dariya har yau, bai taɓa tambayar ko mutum nawa ne daga 'yan Iraƙin da aka harbe aka gaya mana sunansu ba. A Black Hawk Down na 2001 zai lissafa maka jiragen da aka kaɓo a Mogadishu a watan Oktoba 1993. Fim ɗin kansa ya rufe da jera sunayen sojojin Amurka 19 ɗaya bayan ɗaya, 'yan Somaliya sama da 1,000 kuwa aka dunƙule su cikin layi guda. Maɓalli bai taɓa kuɓuce wa Janar ba, amma wannan ya wuce shi.

Daga can tsallaken sai Almajirin Marvel. Shi ne wanda fim ya ƙare, an kunna fitila, masu shara na tsaye da tsintsiya, yana zaune daram yana jiran sakan talatin da aka ɓoye bayan sunayen ma'aikata. Ka ce Avengers: Endgame bai burge ka ba, sai ya dube ka da tausayi ya tambaya ko ka kalli guda 21 da suka gabace shi, a jere, ba tsallake. Wanda ya gaya masa ƙarshen labari kafin ya kalla kuwa ya sayi gaba ta har abada. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce nasu tatsuniya ce, ba wanda ya mutu da gaske, don haka kada a auna su da mudun da ake auna fim ɗin tarihi. Maganar ba ta banza ba ce, Thanos, mugun Avengers, ba shi da marayu a duniyar nan. Sai dai tatsuniyar a garuruwan gaske ake yin ta. Captain America: Civil War na 2016 ya kai mu Legas tun kusa da farkonsa (a Atlanta aka ɗauki Legas ɗin, don haka ba cunkoson da Balegase zai gane), bam ya tashi a wani bene, mutane suka hallaka. Amfanin mutuwarsu a labarin shi ne jarumai su sami abin da za su yi rigima a kai, wata jaruma kuma ta shiga damuwa. Almajiri ya zubar da hawaye ranar da Tony Stark, wato Iron Man, ya mutu, mutanen benen nan ko tuna su ba ya yi. Shi da Janar ba sa ga-maciji, amma ciwonsu ɗaya.

Akanta ba ya buƙatar dogon bayani. Kowane musu da lamba yake kashe shi: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, Top Gun: Maverick kusan biliyan 1.5, magana ta ƙare. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma ko sisi bai shiga aljihunsa ba.

Wanda ya fi ban sha'awa shi ne Malam Da-Walakin, mai ganin hannun Amurka ko a tallan sabulu. Ana yi masa dariya, amma rabin maganarsa gaskiya ce tsagwaronta. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu fim, wanda ke duba labari kafin ya ba da aron jirage da sansani. Top Gun na 1986 ya samu, Iron Man na 2008 an ɗauki wani ɓangarensa a sansanin sojin sama na Edwards, Captain Marvel na 2019 ma da haɗin kan rundunar aka yi shi. Ga shaida ƙarara cewa rumbun makamai ɗaya ke ciyar da fim ɗin yaƙi da na jarumai. Inda Malam ke tuntuɓe shi ne ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Apocalypse Now na 1979 bai sami wannan taimako ba, dole Francis Ford Coppola ya yi hayar jirage masu saukar ungulu daga sojojin Shugaba Marcos na Filifin, waɗanda wani lokaci akan janye su ana cikin ɗauka don su je su yaƙi 'yan tawaye na gaske. Kuma ka tambayi Malam wane fim ɗin yaƙi ya fi so, nan take zai ce na Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na Moustapha Akkad. Fim ne mai kyau, har Italiya ta hana nuna shi. Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗinsa, amma wannan a wurin Malam sunansa tarihi, na wasu ne farfaganda.

Sai Mai Neman Dangi, wanda zai zauna sa'a uku don ya ga baƙar fuska ɗaya cikin sahu. Farkon Black Panther na 2018, inda jarumi ya dira dajin Sambisa ya ceto matan da aka sace, ya maimaita shi har ya haddace. Yana da saurin murna da saurin fushi, amma tambayarsa ce ta fi kusa da wurin. An soki Dunkirk na Christopher Nolan saboda ya manta da sojojin Indiya da ke wurin a 1940. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da Hausawa, sun yaƙi Japan a dazukan Burma, mazan jiyan da Hollywood ba ta waiwaya ba. Za a ce darakta ba zai iya ba kowa suna cikin sa'a biyu ba, kuma labari ba ya tafiya ba jarumi. Haka ne, amma zaɓi ne, kuma an ga masu zaɓar daban. Clint Eastwood a 2006 ya yi fim biyu a kan yaƙin Iwo Jima, ɗaya ta idon Amurkawa, ɗaya ta idon Japanawa da harshensu. The Battle of Algiers na 1966, duk da yana bayan 'yan gwagwarmayar Aljeriya, kafin bam ya tashi a gidan shayi sai da ya zagaya da kyamara kan fuskokin Faransawan da ke ciki, har da ƙaramin yaro yana lasar askirim. Indigènes na 2006, a kan sojojin Arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, ya taimaka wajen sa gwamnatin Jacques Chirac ta gyara musu fansho. Black Panther ma ya ba mugunsa Killmonger uba da yarinta a Oakland da dalilin fushi, gatan da Black Hawk Down, mai tutiyar labarin gaske, bai yi wa ko mutum ɗaya daga taron da ke faɗuwa a titi ba.

Na ƙarshe ba ya karanta sharhi, bai san Scorsese ba, kuma ba ya jin ya yi asara. Yakan shigo gidan kallo fim ya yi nisa, ya taka ƙafar mutum uku kafin ya sami benci, ya ɗan zungure na kusa da shi ya ce, “Malam, wane ne akto, wane ne bos?” Da an nuna masa, ya gama fahimtar fim ɗin, ko na Normandi ne ko na Wakandar Black Panther, kuma da wuya ka ga lissafinsa ya kuskure. Idan ya ga bos ya faɗi sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya bar Almajiri a zaune yana jiran sakan talatin ɗinsa.