Yadda Ɗalibi Zai Ci Daɗi Ya Buɗe Ido a Kafanchan Ba Tare da Ya Sayar da Wayarsa Ba

Wannan shawara ta 'yan'uwana ce da aka turo karatu Kudancin Kaduna daga Kano, Katsina, Sakkwato da makamantansu, ko reshen jami'ar jiha da ke Kafanchan ne, ko kwalejin ilimi ta Gidan Waya, ko makarantar koyon jinya. Ba zan ɓata bakina wajen cewa ku zo da lema da bargo ba. Duk wanda ruwan Agusta ya taɓa ritsawa tsakanin aji da masauki ya riga ya ci wannan jarrabawar. Ni dai zangon karatun da ya wuce ya gasa mini aya a hannu, kuma ba na son wahalata ta tafi a banza.

Na ɗaya. Ka haddace tambaya guda: "Mama, naman mene ne?" Garin nan yana da babbar kasuwar aladu a Katsit, tana ci ran Alhamis, har daga kudancin ƙasar nan fatake ke zuwa da manyan motoci su yi lodi. Abu ne a fili, kuma babu mai niyyar cutar ka. Mai abincin da kanta za ta dubi hularka ta ce, "Ɗana, wannan tukunyar ba taka ba ce, gangara wajen Hajiya." Abin kunyar daga baya yake zuwa. Ka tsare baiwar Allah da tambayoyi, wa ya yanka, a ina aka sayo, ta tabbatar maka naman sa ne daga mahautan cikin gari, layi ya taru a bayanka, sannan ka sassauta murya ka ce a zuba maka shinkafa da wake, ban da nama. Ka riƙa laluba aljihu kafin ka buɗe kotu.

Na biyu. Za a ce maka kada ka bar garin nan ba ka ci tuwon acha ba. Gaskiya ne, ka ci, amma a gidan abokin karatunka, inda uwarsa ta san hannunta. Kada zuciya ta raya maka ka auno mudu ka dafa a ɗaki. Ƙwayar acha da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, sai an yi ta regewa a ƙwarya da haƙurin da matan Kagoro da Zonkwa suka koya tun suna 'yan mata. Wani ɗan ɗakinmu ya ce shi ma zai iya, har yau da gefe ɗaya yake tauna. Ga tsada, tunda masu ciwon suga na birni sun gano ta. Ga rashin zama a ciki: ka ci da azahar, kafin la'asar cikinka na kiran ciroma. Abincin ɗalibi na gaskiya fate ne, tsakin masara da yakuwa da alayyafo da gauta, da zafinsa. Kana iya cewa a rage maka gauta. Ba za a rage ba, amma ka faɗi ra'ayinka.

Na uku, kuma a nan nake so ku gyara zama. Kada ka kuskura ka faɗa a gida cewa nan ce ƙasar citta. Idan bakinka ya riga ya suɓuce, Allah ya ba ka haƙuri, muna nan da yawa. Gaskiya ne mafi yawan cittar Najeriya daga wannan yanki take fitowa, Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, kuma da kaka za ka ga an tsaga ta an shanya a kan duwatsu da gefen titi, ƙamshi har cikin mota. Daga wannan labari mutanen gida suka yanke hukuncin cewa tsinta ake yi. Inna na son ta kunu. Goggo na son ta yajin jego, wai 'yarta wata tara. Kawu mai shayi ya bugo waya, bai tambayi lafiya ba balle jarrabawa, ya ce, "Ɗan nan, rabin buhu ma ya isa, kada ka wahalar da kanka." Rabin buhu! Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, cewa a damunar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta, ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su fitar ba, wasu ga bashi a wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ya saurara tsaf, ya ce Allah ya kyauta, to a kawo kwano biyar.

Wai don Allah karatu aka turo mutum ko fatauci? Wanda ya tafi Misira ko Indiya, a yi ta aika masa dala, ya dawo da turare ɗan kwalba, a kwana ana sa masa albarka. Kai kuwa tun da aka cire tallafin mai, kuɗin mota daga gida zuwa Kaduna, daga Kaduna ka bi ta Kachia da Zonkwa, ya lashe rabin abin da aka damƙa maka, kuma direba sai ya caji kuɗin kaya daban. Sannan wanda bai taɓa turo maka katin waya na naira 100 ba, shi ne mai doguwar takardar saƙo: citta, zuma, doya, "da duk abin da ka gani mai arha". Me na gani mai arha? Garin kwaki na gani, shi ma ya daina gaisawa da mu.

Na huɗu ne ko na biyar, oho. Yawon buɗe ido.

Kowa zai ce maka Matsirga, kuma sun yi gaskiya. Tana kusa da Madakiya, ba nisa da gari, ruwa na zubowa daga kan dutse kusan mita 30. Sai dai ka zaɓi irin baƙin cikin da ya fi maka. Da damuna ruwan na rugugi, feshinsa har bakan gizo yake yi, amma gangaren santsi ne, takalminka ɗaya tilo na zuwa lacca a can zai yi ritaya. Da rani hanya lafiya lau, ruwan kuma ya rame, hotonka ba zai burge ko ƙanwarka ba. Ku gama ciniki da ɗan acaba, zuwa da dawowa, kafin ka ɗaga ƙafa, kuma kada ka biya na dawowa sai kun dawo. A hanya ka kame bakinka. Da zarar ka hangi duwatsu ka ce "Kai, Allah mai iko!" ka sanar da shi kai baƙo ne, kuɗin jira ya ƙaru.

Babban haɗarin Matsirga ma yana cikin wayarka. Ka sa hoto a WhatsApp kana murmushi gaban ruwa, cikin minti kaɗan Yaya zai rubuto, "Ma sha Allah, ashe akwai kuɗin yawo." Shi ke nan, na wannan watan ya tafi. Ka ɓoye wa duk mai turo maka kuɗi, ka bar wa masu saƙon citta su gani su ƙara jin haushi.

Bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ake yin sa kowace shekara, da maharba da masu ƙaho da raye-raye a gindin dutse. A ranar kana gida hutu, ko kuwa kana nan saboda babu kuɗin motar tafiya, wanda ke nufin babu na zuwa Kagoro. Hawan dutsen dai ƙafarka ce jarinka. Za ka kai rabi kana haki kana tuba, wata tsohuwa da kaya a ka ta wuce ka ta ce, "Sannu, ɗana."

Sai Nok, ta wajen Kwoi. A nan masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin da ya haura shekara 2,000. Shahararren kan nan da ake kira na Jema'a, wani ma'aikacin ma'adinai ne ya tsince shi ya kafa a gonar doyarsa yana tsorata masu ɓarna, kafin a kai wa Bernard Fagg a Jos, mutumin da ya buɗe gidan tarihin can a 1952. Ƙauyen yana da ɗan gidan tarihinsa, amma manyan kayan suna Jos da Legas da Kaduna, wasu har Paris. Wato idan kana son ka ga tarihin Jaba da kyau, ka fara neman bizar Faransa.

Gidan dutsen Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 kuwa, sai an kama wuri tun kafin a je. Ka kalle shi a Instagram.

Abin da ya rage mana shi ne tashar jirgin ƙasa, wadda ta mai da Kafanchan gari tun wajen 1927, inda dogon Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos. Dogo na nan, ciyawa na nan, kallo kyauta, kuma kana iya tsayawa ka yi hoto a natse, da wuya wani abu ya taho ya katse ka.

Akwai shawara ta shida a kan yadda ake adana kuɗi, amma wanda ya san ta ya rubuto mana. Iyaye da yayye, don girman Allah duk mai saƙon citta ya haɗo da kuɗinta da na kaya. Ku kuma 'yan'uwa, mai niyyar zuwa Matsirga ranar Asabar ya neme ni mu raba kuɗin mashin, na yarda ni zan zauna a tsakiya.