Mun Tashi, Amma Ku Ci Gaba da Danna Mana Tauraro

Ranar 4 ga Yunin 2018 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa zai sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. Kafin gari ya waye, masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja a faɗin duniya sun fara ɗaure kaya. GitHub shi ne dandalin da miliyoyinsu ke ajiye rubutun manhajojinsu, su yi aiki tare, su yi faɗa tare. Microsoft kuwa shi ne kamfanin da shugabansa na wancan zamani, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji a 2001. Wa zai yarda ya kwana a gidan wanda ya taɓa zagin kakansa?

Sai aka yi ta tururuwa zuwa GitLab, wani dandali irin GitHub, ana shela a Twitter, ana yi wa juna barka da arziki. Abin da masu gudun ba su tsaya tambaya ba shi ne inda GitLab ɗin ke ajiye nasa kayan. A lokacin, kwamfutocin da ke ɗauke da shi na haya ne a Azure, rumbun Microsoft. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sai bayan wasu watanni GitLab ya kwashe zuwa rumbun Google, wani attajirin da shi ma ba a cika yabonsa a majalisar ba.

Waɗannan bayin Allah mutanen kirki ne. Su ne ke rubuta manhaja su bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, yawanci ba tare da an ba su ko sisi ba. Daga hannunsu Firefox da VLC suka fito, haka ma Linux da ke ƙarƙashin kowace wayar Android. Aibinsu ɗaya ne: 'yan haya ne da ba sa biyan kuɗin haya, amma babu mai gidan da ya taɓa gamsar da su.

Abin ya samo asali. Daga 2002 masu aikin Linux suna amfani da BitKeeper, manhajar wani kamfani da ya ba su izini kyauta bisa sharuɗɗa. A 2005 wani gwani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya leƙa don gano yadda take aiki, mai kamfanin, Larry McVoy, ya fusata ya janye kyautarsa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, bai tsaya roƙo ba. Cikin 'yan kwanaki a watan Afrilu ya rubuta Git, wadda aka tsara ta yadda duk wanda ya ɗauki kwafin aiki ya ɗauki tarihinsa gaba ɗaya. Babu cibiya, babu mai gida, kowa sarkin kansa. Aka yi ta tafi. Bayan shekara uku aka buɗe GitHub, sai ga 'yantattun nan sun yi layi, sun tare a gida guda, har da rigimar ɗaki.

A yi musu adalci, wani tashin dole ne. SourceForge, wanda aka kafa a 1999, ya daɗe yana zaman gidan kowa, har ya fara cusa tarkacen talla cikin manhajojin da jama'a ke saukewa. Masu GIMP, manhajar gyaran hoto, suka tashi a 2013. A 2015 suka tarar an karɓe shafin da suka bari, ana raba manhajarsu a naɗe da talla. Google Code ya sanar da rufewa a 2015, CodePlex na Microsoft ya bi sahu a 2017. A 2020 Bitbucket ya share ma'ajiyoyin da ke amfani da Mercurial, kishiyar Git, sai da masu adana tarihin manhaja na Software Heritage a Faransa suka yi ta kwasa kafin wa'adi ya cika. Wanda aka yaye wa rufin ɗaki ba a tambayarsa dalilin tashi.

Sauran tashin kuwa yana da ladubbansa, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Da farko a buɗe muhawara. Wanda rabonsa da taɓa aikin shekara biyar shi zai fi kowa ɗaga murya, ya rantse idan aka koma wuri kaza ya bar tafiyar, tafiyar da babu wanda ya san yana cikinta. Wani zai ce a sayi kwamfuta a ajiye komai a gida. A tambayi wanda zai riƙa tashi da tsakar dare idan ta mutu, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Daga nan shugaba ya fitar da takardar ban kwana mai shafi biyar, ya ambaci 'yanci sau goma sha, ya yafe wa kowa, ya gargaɗi na baya.

Kwashe rubutun manhajar kansa ba ya cin lokacin shan shayi, domin Git ta riga ta sauƙaƙa shi. Tarkacen da aka tara a gefe ne ke karya ƙugu: dubban rahotannin matsala, gardandamin shekaru a kan kowane gyara, na'urorin gwaji da aka ɗaure da tsarin tsohon gida, da adireshin da aka watsa a littattafai da shafuka. Masu harshen rubuta manhaja na Python sun fara muhawarar komawa GitHub a 2014, suka yanke shawara a farkon 2016, suka kwashe rubutun a Fabrairun 2017. Rahotannin matsala ba su iso ba sai Afrilun 2022. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka buɗe muhawarar yana aji biyu na firamare aka sauke kaya na ƙarshe.

Sai kuma maganar taurari. A GitHub duk wanda aiki ya burge yakan danna masa tauraro, kuma da yawan taurarin ake cika baki, har a saka su a takardar neman aiki. Ba su ɗaukuwa. Aikin da ke da dubu ashirin a can zai wayi gari a sabon wuri da guda goma sha ɗaya, huɗu daga ciki na masu aikin ne da kansu. Saboda haka ba a rufe tsohon ɗaki. Akan bar kwafi a can, a manna sanarwa a ƙofa cewa an tashi, kada kowa ya turo gyara nan. Jama'a kuma, da yake karanta sanarwa ba ɗabi'arsu ba ce, su ci gaba da turowa. Mai tashin da ya rantse ba zai ƙara taka unguwar ba kullum da safe yana can, wai ya zo duba wasiƙu, idonsa na kan lissafin taurari.

Masu kawo gudummawa su ma da nasu halin. Mutum zai kwana uku yana farautar kuskure guda cikin layi dubu goma, amma a ce ya buɗe sabon asusu na minti biyu, sai ya ce an cika masa ciki.

Guguwa ta baya-bayan nan Copilot ne ya tayar da ita. A 2021 GitHub ya fito da wannan mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda aka horar da rubutun da jama'a suka ajiye a fili. 'Yan haya suka gane ashe da abin da suke biya. A Yunin 2022 ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi kira da a bar GitHub baki ɗaya. Da dama suka nufi Codeberg, dandalin wata ƙungiyar sa kai da ke Balin ta Jamus, wanda ke rayuwa da gudummawar mambobi. A Nuwamban 2025 masu harshen Zig suka bi, da tasu takardar ban kwanan mai zafi. A shekarar ce kuma Firefox, ɗaya daga cikin dattawan tafiyar, ya mayar da ainihin ma'ajiyarsa GitHub. Motocin kaya biyu suka yi kiciɓis a hanya, kowane direba na tausayin ɗan'uwansa.

Wanda ya tashi a fusace ma bai gama fita ba. Ranar 2 ga Fabrairun 2020 GitHub ya ɗauki kwafin ma'ajiyoyin fili masu rai, ya buga su a kan fim, ya adana a wani tsohon ramin haƙar kwal a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, da niyyar su shekara dubu. Duk kuskuren da ya rage a rubutun mutum a ranar, da baƙar maganar da ya rubuta wa abokin aikinsa a gefen layi, suna can cikin ƙanƙara suna jiran jikokin jikoki.

Don haka, malam mai manhaja, idan tashin ya kama, a tashi lafiya. Amma kafin a ɗaure kaya a binciki wanda ya mallaki sabon gidan da wanda ke biyan kuɗin wutarsa, a adana kwafin rahotannin matsala a wurin da ba na kowa ba, a kuma taƙaita takardar ban kwanan zuwa shafi ɗaya, domin akwai yiwuwar a sake buƙatarta nan da shekara biyar.