Ja da ja, baƙi da baƙi: shawara ga mai sabon amfili a Kanan-Bakashe

Ka sayo amfili da lasifika biyu daga Tasawa ko Maradi, kafin ka kwance su daga bayan babur samarin unguwa sun cika zaure, kowa ya zama injiniya. Shimfiɗa musu tabarma, a ɗora shayi, amma waya kada ta bar hannunka.

Fara raba amfilin da wuta, ta NIGELEC ce ko ta batirin sola. Fere bakin waya kamar santimita 1, da reza, haƙoranka ka bar wa kilishi. Murɗe silin tagullar sosai, don in sili ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa na ɗaya ramin, ƙauri za ka ji kafin kiɗa.

Ja a ramin ja, baƙi a ramin baƙi, a bayan amfili da bayan lasifika. Wani zai ce, "Ai ko an juya tana magana." Tana yi kam. Sai dai in ɗaya ta juye, faifanta na shiga lokacin da na ɗayar ke fita, amon ƙasa ya ɓace, kalangun Shata ya koma kamar yara na bugun gwangwani. In wayar ba ta da launi, cire ta daga amfili, ka taɓa bakunanta biyu a batirin tocila mai volt 1.5. Faifai ya turo waje? Wadda ke kan hular batir ita ce ja. Ƙulla mata zare.

Kwaɗayi shi ke kashe amfili. Duba bayansa, an rubuta om nawa yake ɗauka, galibi 4 zuwa 8. Lasifika biyu masu om 8 a rami ɗaya sun zama 4, zai jure. Ka ƙara da ta maƙwabci da wadda aka aro don suna, nauyi ya fi ƙarfinsa, ga zafin watan Afrilu, sai ya gasu. Sa shi inda iska ke ratsawa, wayar kuma ta bi saman bango, don akuya ba ta san kuɗinta ba.

Rage murya gaba ɗaya kafin ka kunna, ka ɗaga a hankali. Ka ji ladan ya fara, ko an ce tsohuwar gidan baya ta kwanta, to malam, mayar da ita ƙasa.