Masana'antar da ba ta yajin aiki

Masaƙun Kakuri sun daɗe da yin shiru, amma a tsallaken kogi akwai masana'antar da ba ta taɓa tsayawa ba, wato ta sanarwar bayan taro. Ba ta neman auduga, ba ruwanta da ɗauke wuta. A samu zaure da lasifika da katan ɗin ruwan gora, aiki ya kankama.

Leƙa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, ko wani otal a Unguwar Rimi. An sa ƙarfe goma, uban taro zai iso bayan azahar. Mai gabatarwa zai cinye rabin sa'a yana jero sarautu, har da na waɗanda ba su zo ba. Babban baƙo wakili ya turo, wakilin ma sauri yake yi. Can wajen la'asar sakatare zai miƙe, ya gyara hula, ya zaro takardar da aka buga tun daren jiya, kafin kowa ya buɗe baki.

Taron ya lura. Taron ya nuna damuwa. Taron ya yi Allah wadai. Daga nan sai kira ga gwamnati, alhali rabin mazauna babban tebur su ne gwamnatin jiya, sauran kuma ta gobe suke hari. A farfaɗo da masaƙu, a farfaɗo da jaridar New Nigerian, a kawo ƙarshen bara. Masaƙar KTL ta rufe tun 2002, yaron da aka haifa a shekarar har ya yi gemu, ana nan ana farfaɗo da ita a sakin layi na huɗu.

Sau ɗaya dai wannan hali ya yi rana. Ranar 6 ga Yuni 2017 gamayyar wasu ƙungiyoyin matasa ta tsaya a Gidan Arewa ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Agusta bai ƙare ba suka janye a Abuja, kowa ya ce alhamdulillahi.

Da can magana tana da tsada. Sanarwar Sawaba da jam'iyyar NEPU ta fito da ita a Kano a 1950 ta jawo wa mabiyanta bulala da gidan yari a hannun En'e. Mai sa hannu na yau kuwa abin da ke jiransa a bakin ƙofa ambulan ce ta kuɗin mota, kuma zai ƙirga kafin ya kai bakin titi.

Ƙananan ma sun koya. Ƙungiyar ci gaban matasa a Kawo ko Badarawa za ta buga kalanda: hoton shugaba da babbar riga ya cinye rabin shafi, manufofi bakwai sun maƙale a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ta uku ita ce tsaftar muhalli, kwatar ƙofar ofis kuwa ta cika har tana tumbatsa. Ta takwas, wadda ba a buga ba, ita ake aiwatarwa a kan lokaci: ziyarar ban girma gidan ɗan takara.