Kowa da Irin Injinsa

Aikin da ake ba ka bai taka kara ya karya ba. Ga ƙwallo, ga kwando, ka sa ƙwallon ta shiga. Sai dai ba a yarda ka ɗauke ta ka jefa ba. Abin da za ka gani a fuskar kwamfuta shi ne ɓera a cikin keji, wanda ba ya gudu sai an bugi kejin, da wata ƙatuwar baƙar ƙwallo mai nauyi tana jiran abin da zai tura ta, da 'yan kayayyaki da aka zube maka a gefe. Kai za ka ɗaura bel daga kejin ɓeran zuwa abin da zai juya, ka jera sauran kayan yadda wannan zai ture wancan, sannan ka danna maɓallin farawa ka naɗe hannu. Daga nan babu ruwanka, sai kallo.

Wasan ke nan da ake kira The Incredible Machine, wanda kamfanin Dynamix na garin Yujin a jihar Oregon ta Amurka ya fitar a 1993. Kevin Ryan ne ya tsara shi, Jeff Tunnell ya jagoranci aikin. Amma kakan abin shi ne Rube Goldberg, mutumin da ya gama karatun injiniya a 1904, ya kama aiki a ma'aikatar ruwa da magudanai ta San Faransisko, bai daɗe ba ya ajiye ya koma zanen barkwanci a jarida. Shi ne ya zana na'urar goge baki: mutum ya ɗaga cokalin miya, cokali ya ja zare, zare ya fizgi ludayi, ludayi ya cilla biskit, tsuntsu ya yi tsalle zai cafe, tsaba ta zube a bokiti, nauyin bokiti ya kunna wuta, wuta ta tashi roka, roka ta sa lauje ya yanke igiya, sai ga tsumma yana lilo yana share masa haɓa. Duk wannan don kada ya miƙa hannu.

Abin da ya sa wasan ya zama matattarar halayen 'yan Adam abu ɗaya ne: babu sa'a a cikinsa. Haka aka gina shi. In ka jera kaya iri ɗaya ka danna sau ɗari, sau ɗari ƙwallon za ta bi hanya ɗaya ta faɗi a wuri ɗaya. Ba karta ba ce da za ka ce rabo aka yi maka maras kyau. Duk abin da ya lalace, hannunka ne. Kuma a nan ne ake gane mutane.

Na farko da za ka fara cin karo da shi shi ne Malam Gaggawa. Ba ya karanta abin da aka ce a yi. Yana buɗe mataki zai danna farawa, ƙwallo ta faɗo ta gangara ta ɓace, ya ce, "To, me ke nan?" Ya watsa fanka a nan, almakashi a can, ya sake dannawa. Fankar ba ya ma haɗa ta da wuta. In ka ce masa, "Ai balan-balan aka ce ka fasa, ba kyandir za ka kunna ba," sai ya ce ai yana sane. Abin haushin shi ne lokaci-lokaci yakan dace, kuma ranar da ya dace ba za ka sha ruwa ba.

Kishiyarsa shi ne Injiniya. Wataƙila injiniyan ne na gaske, wataƙila dai ya taɓa cin jarrabawar lissafi ne shekaru ashirin da suka wuce bai manta ba. Shi ba ya taɓa maɓallin farawa. Zai gyara tabarau, ya nemi biro da takarda, ya fara bayani a kan nauyin ƙwallo da saurin faɗowarta da kusurwar da za ta daki katako. Ya lura cewa a wasu matakai an rage ƙarfin da ke jan abu ƙasa ko an sauya kaurin iska, kuma gaskiyarsa ne, wasan yana yin haka, amma shi a wurinsa wannan dalili ne na ƙara wani shafin lissafi. Yana cikin haka 'yarsa mai shekara bakwai za ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa ta ce, "Baba, in gwada?" Ta jawo bokiti ta rataye, ta ɗaura igiya, ta danna. Kiɗan nasara ya tashi. Injiniya zai yi shiru, ya dubi takardarsa, ya ce, "E, wannan ma hanya ce. Amma ba ita suke nufi ba."

Wanda ya fi ba ni tausayi, kuma na fi jin tsoron zama irinsa, shi ne Mai Ɗigo. Na'urarsa ta kusa aiki. Kullum ta kusa. Ƙwallon tanis tana faɗowa kan shimfiɗar roba mai cilla abu sama, ta tashi, ta nufi makunnin tocila, ta kuskure shi da abin da bai kai faɗin farce ba. Wani da zai rushe ya sake tunani. Shi ko kusa. Zai kama linzamin kwamfuta da hannu biyu, ya riƙe numfashi, ya matsar da shimfiɗar ɗigo ɗaya zuwa dama. Ya danna. Ta wuce. Ya mayar ɗigo ɗaya hagu. Ta gaza. Ya ɗaga ta sama ɗigo ɗaya. Yanzu ta daki tocilar, haske ya bi ta gilashin ƙara girma, lagwanin igwa ya kama, igwa ta harba, amma harsashin ya sauka bayan bokiti. Sai ya koma kan bokiti da ɗigo-ɗigonsa. A kira shi cin abinci ya ce saura kaɗan. Abinci ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa, har yanzu saura kaɗan. Idan daga ƙarshe abin ya yi, ba ya murna. Ajiyar zuciya yake yi, ya ce kada kowa ya taɓa teburin, wai kada wani abu ya motsa. Ka tambaye shi me ya sa ta yi aiki yanzu, wallahi bai sani ba. Ni a ganina wannan ba warware matsala ya yi ba, gajiyar da ita ya yi.

Akwai Sarkin Nakiya, yawanci yaro ne ɗan shekara goma zuwa sha biyu, ko da yake na ga masu gemu a cikinsu. Kowace tambaya amsarta ɗaya ce a wurinsa. A ce a sauko da ƙwallo, nakiya. A ce a kunna fanka, nakiya. Matakin da ba a ba da nakiya ko igwa ko roka ba, shi a wurinsa ba mataki ba ne.

Sai Alhaji Ba-a-asara. Shi imaninsa shi ne duk abin da aka zuba a akwatin kaya da dalili aka zuba shi, don haka sai ya yi amfani da kowane. Bai san masu wasan suna da mugunta ba: da gangan suke cusa kayan da ba su da wani amfani a matakin, don su ruɗa mutum. Na'urar Alhaji ta gama aiki tun ɗazu, amma ga safar dambe da zugazugi sun rage, hankalinsa ba zai kwanta ba. "Ba za su ba ka zugazugi a banza ba," in ji shi. Zai nema masa gurbi, ya kafa shi a tsakiya, zugazugin ya hura balan-balan ya kauce hanya, abin da yake aiki ya daina. Zai ƙara minti arba'in yana gyara ɓarnar da ya jawo da hannunsa, kuma ba zai cire zugazugin ba.

Ɗan Yanke kuwa shi ne wanda Alhaji ba ya son gani. An ba shi kaya goma sha biyu, ya ɗauki katako ɗaya ya karkata shi, ƙwallo ta gangara kai tsaye ta shiga inda ake so. Wasan ya karɓa, don wasan ba ya tambayar ta ina ka bi, sakamako kawai yake dubawa. Nan fa gardama take kaurewa, ana cewa ha'inci ne, shi kuma yana cewa a nuna masa inda aka hana. A fili ina goyon bayansa. A zuci kuwa ina ganin ya zo gidan biki ya ci tuwo ya tafi bai tsaya kiɗa ba, domin biri mai tuƙa keke yana nan a gefe ba a ko ɗaga masa labulen ya ga ayabarsa ba, alhali saboda birin nan aka zo.

To duk waɗannan aƙalla suna riƙe da linzami. Mafi yawan jama'ar wasan ba sa riƙe da komai. Suna tsaye ne a bayan kujera, irin 'yan kallon dara a gindin bishiya, kowa ya fi mai wasan gani. "Matsar da shi." "Wanne?" "Wancan mana!" "Ba can ba, ƙasa!" Wani zai kai yatsa ya dangwala a gilashin kwamfuta ya bar maiƙo. In shawararsa ta yi aiki, "Ban faɗa maka ba?" In ta rushe, "Ai ba haka na ce ka sa ba." Ka miƙe ka ce, "Yaya, bismilla, zauna ka yi," nan take zai tuna yana da wani uzuri a waje.

A cikin 'yan bayan kujera akwai guda da ba ta damu da ƙwallo ko kwando ba sam, ita ce Kaka. Ita dabbobin take kallo. Wasan yana da kyanwa mai suna Pokey, da ɓera mai suna Mort, da kifi mai suna Bob a cikin tulun gilashi, kuma akwai matakan da sai an fasa tulun kifin kafin a wuce. Kaka ba ta yarda da wannan ba. "Kai ɗan nema, me kifin nan ya yi maka?" Jikan ya ce, "Hajiya, haka aka ce a yi." Ta ce, "In an ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa? Shi ya sa na fasa aurenka, ba ka da imani." Ta tambaya ko ana ba ɓeran nan abinci, da yake tun safe yake gudu a keji. Birin ma tana ganin an cuce shi: ya yi ta tuƙi, ayabar ba ta zuwa.

Ga kuma Baban Yara, wanda ya sa wasan a kwamfuta don a cewarsa yana buɗe ƙwaƙwalwar yara. Gaskiya ne, an rubuta cewa na kowa ne, yaro da babba. Shi ɓangaren babban ya riƙe. Yakan fara da, "Kawo in nuna maka wannan ɗaya kawai." Yaro ya sauka daga kujera, ya tsaya a gefe, ya zauna a ƙasa, ya yi barci a ƙasan. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Abba, wai ba na yara ba ne?" Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ina duba musu ne ko ya dace da su."

Mai Zargi ba ya buƙatar dogon bayani. An gaya masa na'ura iri ɗaya sakamako iri ɗaya take bayarwa, amma zai sake dannawa bai canza komai ba, yana karkata kai gefe ko ƙwallon za ta bi shi. A karo na shida zai ce kwamfutar ce ta tsufa.

Daga can ƙarshe akwai waɗanda suka gaji da tambayoyin wasu suka shiga filin da babu tambaya, inda wasan yake buɗe maka akwatin kaya gaba ɗaya ka gina abin da ka ga dama. A nan ake samun Mai Gini. Zai kwashe mako yana haɗa abin da ya cika allo ba masaka tsinke: janareto yana juya fanka, fanka tana tura balan-balan, balan-balan yana jan igiya, igiya tana harba bindiga, har mataki talatin. Sai ya tara gida kaf a zo a gani. A mataki na huɗu igiya ta ƙi jawuwa. "Ku tsaya, ɗazu ya yi." In kuwa ya yi har ƙarshe, kyandir ɗaya ne zai kama a lungun allo, wani ya ce, "Shi ke nan?" Mai Gini ba zai sake yi wa wannan mutumin magana ba sai bayan la'asar. Duk da haka a cikinsu duka shi ne ɗan halak ɗin Goldberg.

Wasan bai mutu ba. Jamusawa sun yi nasu mai suna Crazy Machines, kuma a 2014 Ryan da Tunnell suka dawo da wani sabo, Contraption Maker, wanda suka ƙara masa abin da ban san ko alheri ne ba: mutane da yawa suna iya haɗuwa ta intanet su gina na'ura ɗaya a lokaci guda. Wato Mai Ɗigo yana wannan kusurwa ya shafe awa yana daidaita katako, Alhaji Ba-a-asara yana cusa masa zugazugi a ƙarƙashi, Injiniya yana roƙon kowa ya dakata ya gama lissafi, Malam Gaggawa kuma hannunsa na kan maɓalli. Sarkin Nakiya bai ce komai ba tun da aka fara. Sai da aka danna aka ga inda ya ajiye kayansa.