A Yi Wa Wufa Kishiya

Masu ɗakin kallo a gida suna da wata fatawa: wufa ɗaya, wato lasifikar rugugi, ba ta isa, sai an yi mata kishiya. Kada ka yi saurin cewa almubazzaranci ne, suna da hujja. Rugugin nan mai nauyi, wanda ke ƙasa da Hertz 80, zangonsa dogo ne. Na Hertz 40 ya haura mita 8. In ya bugi bango ya dawo, sai ya yi karo da kansa, nan ya ninku, can ya mutu. Shi ya sa maigida ke jin fim har cikin ƙirji, baƙon da ke gefensa kuwa ko gezau, sai gyaɗa kai don kara.

Wufa ta biyu, in an girke ta a tsakiyar bangon da ke fuskantar ta farko, tana cike gurabun, kowa ya samu rabonsa. Wai ba ƙara ake nema ba, adalci ne. Haka dai duk mai niyyar ƙari yake cewa.

Amma a daidaita su, don in ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuɗinka sun tafi a banza. Kafin ka sayo kuma, je ka gaida maƙwabcinka, shi ma zai ji.